Girkin Gida a Bauchi Daga Kaka Zuwa Kaka: Abin da Za Ki Shanya da Abin da Za Ki Ɗora

Ranar da aka sauke buhun sabon gero a tsakar gidanmu, daga ranar kakarmu Dada take fara lissafin shekararta. Takan zauna a tabarma ta sa a fito mata da tukwane da kwalla da tsofaffin gwangwanaye, ta ware na kuka, ta ware na kuɓewa, ta ware na daddawa, sannan ta dube mu ta ce, "Miyar da za ku sha da bazara, yau ake dafa ta." Muna yara, maganar ba ta shige mu ba. Sai da na yi aure, watan Mayu ya same ni ba ni da ko ƙwayar busasshen tattasai a ɗaki, kullum ina aiken yaro kasuwa yana dawo mini da tumatir huɗu a leda, sannan na gane abin da take nufi.

Don amare da 'yan mata masu shirin riƙe madafi na rubuta wannan. Zan bi shekarar yadda Dada take bin ta. Ma'aunina gwangwanin madara ne da cokalin cin abinci, don mudun Bauchi daban, na Gombe daban, na Azare daban.

Kaka: wata biyu na shanya

A cikin Oktoba ruwa yake ɗaukewa a wajenmu. Daga nan zuwa ƙarshen Nuwamba, ki ɗauka ba ki da aikin da ya fi shanya.

Ki fara da kuka, don ita ce ba ta jira. Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, ganyen zai yi rawaya ya zube. Ki sayi ɗanyen ganye kore shar, ki tsince sanduna da wanda tsutsa ta ci, ki ɗauraye, ki baza a tabarma a cikin inuwa inda iska take ratsawa, kamar zaure ko rumfa. Kada ki kai shi rana. Rana ce take mayar da kuka ja, miya ta fito ba launi ba ƙamshi. Ki riƙa juyawa safe da yamma. Idan kika murza ganyen a tafin hannu ya dagargaje, ya bushe. Sai ki daka, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki zuba a mazubi mai murfi. Zogale ma haka, a inuwa, amma shi ki bar shi ganyensa.

Kuɓewa kuma rana take so. Ki zaɓi ƙanana waɗanda bakinsu yake karyewa ɓas idan kin lanƙwasa. Wadda ta riƙa ta zama itace ko kin daka ta ba za ta yi yauƙi ba. Ki goge ta da tsumma maimakon wankewa, ki yanka siriri, ki shanya kwana uku zuwa huɗu. Shawarata kada ki daka ta gaba ɗaya. Ki ajiye ta yankakkiya, ki riƙa daka na mako guda, yauƙinta ya fi daɗewa.

Sai gyaɗa. A nan ina so ki natsu. Gyaɗar da aka ɗure a buhu da sauran danshi takan yi fumfuna, kuma wannan fumfunar tana haifar da guba mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Don haka ki ƙara shanya gyaɗarki ko da mai sayarwa ya rantse ta bushe, ki zauna ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ta motse, ko take ɗaci. Zubar da ita za ki yi, kada ki ce a bar wa ƙuli-ƙuli.

Idan za ki fitar da mai da kanki, ki soya gyaɗar sama-sama har ɓawon ya fara saki, ki murje, ki bakace, a niƙa miki ita lukui. Ki zuba a turmi kina juyawa da taɓarya, kina yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Za ki ga ta fara haɗe jikinta tana tsattsafo da mai. Ki kwashe man, ki matse tunkuzar sosai, ki sa gishiri, ki murza, ki soya ta a cikin man da ya fita daga jikinta. Kin samu man masa, kin samu ƙuli-ƙulin kwaɗo da na yaji a aiki ɗaya.

Wake kuwa, don Allah ki nisanci zuba masa maganin ƙwari. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki ɗura a jarka mai tsabta har wuya, ki toshe bakin da leda ki ɗaure murfi. Ƙwaron wake ba ya rayuwa inda babu iska. Idan waken da yawa, akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, aikinsu ɗaya da jarka. Sharaɗin kawai kada ki riƙa buɗewa. Ki ware na ci daban.

Kabewa ki saye ta da hancinta, marar tabo, ki ɗora a kan katako a wuri mai sanyi. Takan yi watanni. Kuma tunda kabewa ta shigo gida, lokacin miyar taushe ya yi.

Miyar taushe da masarta

Ki ɗora nama mai ƙashi da albasa da daddawa da ɗan gishiri. Ƙashin shi ne daɗin miyar, ko tantaƙwashi ko ƙashin baya. Idan ya ɗauko nuna, ki fere kabewa ki yanka manya-manya ki jefa a kai. Ta yi laushi, ki tsame ta ki dama da ludayi ko ki daka. A wata tukunyar ki soya jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir kaɗan, a man gyaɗa ko manja, ki juye naman da romonsa, ki mayar da kabewar. Sai ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa kamar rabin gwangwani da ruwa ki zuba, ki rage wuta, don gyaɗa tana kamu. Idan mai ya taso sama, gyaɗar ta nuna. Alayyafo da 'yar yakuwa da ganyen albasa su ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe su. Yakuwar kada ta yi yawa, aikinta ta karya zaƙin kabewa ne kawai.

Yanzu masa. Mutanen Kano su ce waina, mu mu ce masa, kuma duk baƙon da ya sauka Bauchi sai ya tambayi inda ake sayar da ita a Wunti. Na daɗe ina lura cewa masu kuka da masarsu yawanci ma'auninsu daidai ne. Abin da suke mantawa shi ne ƙullu yana da yanayi: yadda yake tashi a Disamba ba haka yake tashi a Afrilu ba.

Ki auna shinkafar tuwo gwangwani 6. Ki ware ɗaya, ki wanke biyar ɗin ki rege, ki jiƙa su aƙalla awa 6. Gwangwani ɗayan ki dafa shi ya yi luguf kamar za a tuƙa tuwo, ki baza a faranti ya huce sarai. Idan kika haɗa shi da zafi, zai dafa miki ƙullun ya yi danƙo. Ki tsane jiƙaƙƙiyar, ki haɗa da dafaffiyar da albasa ɗaya, a kai markaɗe. Ki ja kunnen ɗan aike: a wanke injin, kada a markaɗa a bayan wake ko kayan miya, kuma kada a cika ruwa. Ƙullu mai kauri ana iya sassauta shi, wanda ya tsinke kuwa sai haƙuri. Ni nakan rage ludayi biyu na dafaffiyar shinkafar in zuba bayan an dawo daga markaɗe, don ina son ganin ƙwayoyinta a cikin masa.

Ki sa yis cokali ɗaya, ki juya, ki rufe a roba mai zurfi wadda ƙullun bai wuce rabinta ba. Dada ba ta san yis ba. Nono mai tsami take zubawa, ko ragowar ƙullun jiya, kuma har yau masar da aka tayar haka ta fi ƙamshi.

Ga inda yanayi yake shigowa. Da hunturu ki kwaɓa da ruwan ɗumi tun bayan isha'i, ki lulluɓe robar da tsohon bargo, ki ajiye a ɗaki ko kusa da murhun da bai gama hucewa ba, ya kwana. Da bazara kuwa awa uku zuwa huɗu ya ishe shi, kuma rabin cokalin yis ma ya wadatar. Idan kika bar shi ya kwana, da safe za ki tarar ya yi tsami ya faɗa. Da damina yana tsakanin biyun. Kada ki bi agogo kaɗai, ki bi idonki: ya kumbura, samansa ya yi ƙananan ƙofofi, yana ƙamshin tsami mai daɗi.

In ya tashi, ki sa sukari cokali uku ko huɗu da gishiri kaɗan, ki buga shi sosai da ludayi har ya saki. Ki ɗanɗana. Idan tsamin ya yi yawa, ki jiƙa 'yar kanwa ungurnu ki tsiyaya ruwanta kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. In ta zarce, masar za ta yi rawaya tana warin kanwa. Kaurin da ake so shi ne ya zubo daga ludayi kamar kunu mai kauri.

Tanda ta ƙasa ta fi riƙe zafi. Idan sabuwa ce, ki shafe ta da mai ki gasa ta a wuta sau biyu ko uku kafin ranar suya. Wuta matsakaiciya, garwashi ya fi harshen wuta. Ki zuba man gyaɗa kamar ƙaramin cokali a kowane gurbi, ya yi zafi, ki zuba ƙullu kada ya cika taf. Idan gefen ya soyu, tsakiya ta fara ƙofofi, ki sa cokali ki juya. Zubin farko gwaji ne. In ta kama tanda, ko tandar ba ta yi zafi ba ko sukari ya yi yawa. In waje ya ƙone ciki ɗanye, ki janye itace. In ta yi nauyi kamar dutse, ƙullun bai tashi ba ko bai bugu ba, ki ƙara masa lokaci. In tana shan mai tana wargajewa, ruwa ya yi yawa, ki ɗaure shi da garin shinkafa.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu ciki abu mai zafi yake nema. Wannan ne lokacin da za ki ƙara hannu a tuwon dare da gangan, don ɗumamen safe da miyar kuka da man shanu, kuma sanyi ba ya barin tuwo ya lalace.

Kunun gyaɗa, wanda 'yan'uwanmu na Gombe suka iya ƙwarai, ga yadda nake yi. Gyaɗa gwangwani biyu, a soya ta sama-sama yadda ba za ta canza launi ba, a murje, a markaɗa, a tace. Shinkafa gwangwani ɗaya a jiƙa a markaɗa daban. Ki ɗora ruwan gyaɗar ki tsaya a kansa, don yana tafasa yake bori ya zube. Ya tafasa sosai har ƙarnin gyaɗa ya fita, sai ki rage wuta ki zuba ƙullun shinkafar kina damawa, sannan ruwan tsamiya kaɗan, sannan sukari. Tsamiyar ma yanzu take nuna, ki saya ki ɓare ki dunƙule ki ajiye ta shekara.

Babban aikin hunturu shi ne kauɗa, wato busasshen tumatir. Daga Janairu kayan gwarin noman rani suke cika kasuwa, daga Dadin Kowa da fadamun Jama'are da sauransu, kwando ya yi araha a kasuwar Muda Lawal har masu shi suna roƙon a saya. Ki sayi tumatir mai tsoka wanda ba ruwa ne ya cika shi ba. Ki wanke, ki tsane, ki raba kowanne biyu ko huɗu, ki jera cikinsa yana kallon sama. Kada ki shanya a ƙasa, balle a bakin titi. Ki ɗora tabarma ko buhu mai tsabta a kan gado ko rumfa, ki rufa da tsohon gidan sauro wankakke saboda ƙura da ƙuda, ki shigar da shi ɗaki da magariba. Kwana biyar zuwa mako guda ya bushe. Tattasai da attaruhu ki tsaga su, su ma haka. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, gidajen da suke da kauɗa a ɗaki ne suka ci gaba da miyar dage-dage. Ajiya maganin wata rana.

Gashi ma da sanyi ya fi daɗi, tunda zaman kusa da wuta ba ya gundura. Ba sai kina da tanderu ko obin ba. Ki samu babbar tukunya, ki zuba yashi wankakke busasshe kamar tsawon yatsa biyu, ki rufe ki ɗora a wuta ya yi zafi minti 15. Don gurasa: fulawa gwangwani huɗu, yis cokali ɗaya, sukari cokali biyu, gishiri kaɗan, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi laushi yana ɗan kama hannu. Ya tashi ya ninka, ki gutsura ki fakaɗa a faranti mai shafen mai, ki ɗora a kan yashin, ki rufe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin don sama ya gasu. Kek ɗin sallah ma a wannan tukunyar ake gasa shi, a gwangwanayen kifi, sai dai shi ba a buɗe masa murfi kafin minti 20, in ba haka ba ya faɗa.

Wajen ƙarshen sanyi zuwa Maris ake girbe alkama, don ita sai da ɗari take yi. Lokacin funkaso da alkaki ke nan da sabuwar alkama.

Bazara

Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, musamman ta Gombe da Azare. Ki rage yawan girki. Miyar da aka yi da rana, a tafasa ta da daddare, a sake tafasawa da asuba, kuma kada a sa mata cokalin da aka kai baki. Miyar gyaɗa da ta wake su suka fi saurin lalacewa, ki yi daidai ci. Rana kuwa ta fura da nono ce, da zoɓo mai citta da kanumfari, da kunun zaƙi, da ruwan randa.

Yanzu za ki buɗe gwangwanayen kaka. Kauɗa ki wanke ta sau biyu, ki jiƙa a ruwan zafi rabin awa, ki markaɗa da albasa mai yawa da busasshen tattasai, ki soya ta da kyau. Albasar ce take kashe ɗan ɗacin da ke cikinta. Miyar kuka kuma sirrinta romo: daddawa da wake dakakke kaɗan da busasshen kifi ko ƙashi su dahu sosai tukuna, sannan ki rage wuta ki riƙa barbaɗa kukar kina kaɗawa da maburgi. Kada ki rufe tukunya bayan kin kaɗa.

Ɗorawa ma da bazara take nuna, don haka kalwa take araha. Yin daddawa aiki ne na mutum biyu ko uku: a dafa kalwa yini guda, a surfa ta da toka a wanke ɓawon, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe ta kwana uku ta ruɓa, a kirɓa, a fakaɗa, a shanya. In ba za ki iya ba, ki sayi ta shekara a wannan lokacin, ki ƙara mata rana kafin ki adana.

Azumi da layya ba su da mazauni ɗaya a cikin yanayi, kowace shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, cikin zafi, yanzu kuma yana gangarawa cikin hunturu, don haka kunun tsamiya da na gyaɗa za su karɓe wurin kayan sanyi a buɗa-baki, ƙullun ƙosai da na masa kuma ba za su yi saurin tsami ba. Babbar sallah kuwa a 'yan shekarun nan tana faɗowa a bakin damina, lokacin da iska take da danshi, shanyar nama ba ta da tabbas. Ki sulala naman da albasa da citta da gishiri har ruwan ya ƙone, ki soya shi a kitsensa har ya daina kumfa, ya huce sarai kafin ki rufe a kwalla. Wutsiyar da ake ajiyewa don cika-ciki, ranar 10 ga Muharram, ki banda ta a kan hayaƙi, kina sake kai ta wuta duk bayan 'yan kwanaki.

Damina

Ana kiranta uwar albarka, amma uwargida ta san farkonta da wuya: hatsi ya ja baya a rumbu, ya hau a kasuwa, tumatir ya yi tsada. Abin da Allah ya ba mu a madadinsu shi ne ganye. Rama, tafasa, zogale, lalo, karkashi, alayyafo, yakuwa, wasu a bayan gida ma suke fitowa.

Da ganye ake miƙa hatsi. Tsakin masara gwangwani biyu, idan ya haɗu da rama, ya ciyar da gida. Don fate, ki soya jajjage da daddawa, ki tsayar da ruwa, ki zuba wake ko gyaɗa dakakkiya su fara nuna, ki wanke tsakin ki zuba kina juyawa don kada ya dunƙule, ya dahu, sannan ganyen. Mutanen Tafawa Balewa da Bogoro da acca suke yin irin wannan gwaten, kuma ya fi sauƙi a ciki. Don dambu, ki turara tsakin shi kaɗai a madambaci tukuna, ki sauke ki haɗa da zogale da albasa da attaruhu da gyaɗa, ki yayyafa ruwa, ki mayar ya sake turara. Mai sai an sauke. Don kwaɗo, rama a tafasa ta a zubar da ruwan farko saboda tsami, tafasa kuma ƙananan ganyen saman ake tsinka, a dafa a matse. Sai garin ƙuli-ƙulin nan naki, da albasa da ɗan mai.

Duk ganyen da za a ci, da tumatir da albasar da za a yanka ɗanye a kan kwaɗo, a wanke su da ruwa mai tsabta da gishiri, don damina ce lokacin amai da gudawa. Kada ki niƙa garin tuwo mai yawa. Na mako guda, a baza shi ya sha iska kafin a rufe. Itace da gawayi ki tara su a rumfa tun Mayu, kafin markar Agusta ta same ki da jiƙaƙƙen itace da yara masu jin yunwa. Duk ranar da rana ta fito da ƙarfi, ki fito da ragowar kuɓewa da kauɗa su sha ta awa biyu.

Daga Agusta sabuwar masara za ta fara shigowa, a gasa a dafa, sai ɗanyar gyaɗa, sai tumu. Idan kika ga yara sun fara yawo da tumu a hannu, ki juye abin da ya rage a gwangwanayenki ki ƙarar da shi a miya, kada tsohuwar kuka ta haɗu da sabuwa. Ki wanke mazuban da jarkokin wake, ki kife su a rana, ki duba tabarmin shanya ko ɓera ya taɓa su.